Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Wata Asabar da hantsi, a shekarar da nake aji uku na firamare, lokacin da shinkafar fadama ta fara sunkuyar da kai, na ga kofi biyu a gaban Kaka alhali kofinta ɗaya ne. Ta aike ni in kawo mata ruwa, na ɗebo a moɗa daga randa, na durƙusa zan zuba mata, sai kofin ya rabu, ya zama tagwaye. Na tsaya ina kallonsu, su biyun suna ƙyalli, ban san wanda zan zaɓa ba. Na zaɓi na hagu. Ruwan ya kwarara a ƙasa, agwagin gida suka taho a guje suna murna. Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Takwara, ni na ce miki ƙishi nike ji, ba ƙasa ba." Ni ma na yi dariya, ko da yake kaina yana sarawa. Inna tana zaune a ƙarƙashin rumfa tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago kai ba. Ban yi mamaki ba, domin Inna ba ta ɗago kai a kan abin da ya shafe ni.

Ni ce 'yar farinta, kuma sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyar Baba, Hauwa'u. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma kiran sunan surukarta, ni kuwa na haɗa duka biyun a kaina. Don haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, ko "waccan", idan kuma tana magana da baƙi ta ce "'yar tsohuwa". Ba ta yi mini kitso a gaban mutane, ba ta tambayar ko na ci abinci, in na faɗi na fasa gwiwa sai ta juya baya ta ci gaba da surfenta. Wannan kunyar abin yabo ce a wurin mata, kuma a duk unguwar ba a yabon kowa kamar Inna. Tun ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka. A can na yi wayo, a kan gadonta nake kwana, zane ɗaya muke rufa da shi, ƙofa a rufe saboda sauron gulbi.

Ƙauyenmu yana kusa da Illo, a gefen gulbi, inda iyakar Benin ba ta fi tafiyar hira ba. Rabin danginmu a can tsallaken suke, ana zuwa suna da biki kamar an shiga wata unguwa. Sana'ar Kaka bandar kifi ce. Masunta na kawo mata tarwaɗa da karfasa tun da sassafe, ni in tayar da wuta, in jera ƙirare, ita kuma ta lanƙwasa kifin ta soke shi da tsinke ta jera a kan waya. Hayaƙin yakan tashi fari, ya ratsa ganyen darbejiya, ni kuwa in zauna ina kallon yadda hasken rana ke yanka shi zare-zare har Kaka ta jefo ni da ɓawon gyaɗa ta ce mafarkin ya isa. Ranar kasuwa mukan ɗauki kwando mu tafi, tana ciniki da Hausa, in an taya mata da wulaƙanci ta juya zuwa Dandanci, yaren yankinmu, ta wanke mutum tas. Duk matan da ke banda a garinmu suna tari. Har suna gare shi, tarin banda ake ce masa, ba kuma wanda ya ɗauke shi ciwo, kamar yadda ba a ɗaukar kantar hannun manomi ciwo. Tarin Kaka shi ne sautin da nake barci da shi, nake farkawa da shi.

Ciwona bai zo da hayaniya ba. A hankali ya shigo, yana ɗauke mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Da farko gaɗa ya ɗauke. Ni da nake ba da waƙa a dandali, sai na koma jingina da bango ina kallon ƙawayena. Sai ya ɗauke mini tuwo, ko da miyar kifi ce. A fadama, inda ake tura mu korar jan baki da gwangwani da tsakuwa, sai in kwanta a kan rumfar tsaro in bar tsuntsaye suna shagali. A makaranta Malama ta kore ni waje sau da yawa saboda barci. Da yamma jikina yakan yi ɗumi, ba zafi sosai ba, da safe ya sauka. Mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba da magani. Da bai yi ba, Gwaggo Dije, ƙanwar Baba da ke aure a ɓangaren Benin, ta kawo wasu ƙwayoyi masu rubutun Faransanci, ta ce nasu ya fi ƙarfi. Aka yi mini hayaƙi, aka ba ni rubutu na sha. Wani ya ambaci sanƙarau, dattawa suka ce a'a, sanƙarau da bazara yake zuwa, kuma ba ya jan rai, yau ya kama yaro gobe an san matsayi.

Kwanaki kaɗan bayan ranar kofi biyu, wuyana ya sandare. Na yi ta amai, hasken ƙofa ya zama kamar allura a idona, sannan jikina ya kama jijjiga. Daga nan abin da na sani Baba da Kaka ne suka ba ni labari, domin ni na riga na nutse. An ɗauke ni a mota zuwa asibitin Bagudo, ma'aikatan can suka duba ni, suka yi mini allura, suka ce a wuce da ni babban asibiti a birni ba tare da ɓata lokaci ba. Bisa al'ada Kaka ce mai jinyata, ita da Baba. Inna ta biyo su ne a matsayin mai ɗaukar kaya: tabarma, bokiti, kwanuka. Ta bar ƙanwata Rabi a hannun Gwaggo Dije. Duk tsawon hanyar, in ji Baba, ta taga take kallo.

A babban asibiti likitar da ta karɓe ni mace ce, gajeriya, mai Hausar gabas. Ta ce sai an ɗebi ruwa daga ƙashin bayana a auna. Kaka ta ƙi da farko, domin a garinmu ana cewa wanda aka tsira wa allura a baya ba ya sake tafiya. Likita ta zauna ta yi mata bayani cewa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa shi ne yake gangarowa ta baya, ɗan kaɗan za a ɗiba, kuma in ba a gan shi ba to lalube za a yi ta yi a duhu. Baba ya amince. Ruwan ya fito garau kamar na sama. Likita ta ce sanƙarau ɗin da aka saba da shi yakan sa ruwan ya gurɓace kamar ruwan wankin surfe, wannan kuwa bai yi ba, amma awon farko ya nuna akwai ciwo a ciki. Tana zargin wani abu mai tafiyar hawainiya, sai dai tana bukatar ta san yadda abin ya faro.

Ta tambayi tun yaushe. Baba ya ce kwana uku, domin shi daga sandarewar wuya yake lissafi. Kaka ta ce zai kai mako. Ta tambayi ko na rame, suka ce dama can ni ba mai jiki ba ce. Ta tambayi ko akwai mai tari a gida, wanda ya daɗe yana yi. Baba ya ce babu. Kaka ma ta ce babu, lafiyar kowa lau, kuma ba ƙarya suka yi ba, domin a wurinsu tarin banda ba tari ba ne. Likita ta juya biro a hannu. Idan ciwon na kwana uku ne, kuma babu mai tari, to hankalinta zai karkata wani wajen, a ci gaba da allurar sanƙarau na yau da kullum ana jiran sauran sakamako. Ni kuma, kamar yadda ta gaya wa Baba daga baya, ba ni da kwanakin jira.

Sai murya ta fito daga bayan labule, inda Inna ke tsugune kusa da bokiti.

"Likita, ba kwana ukku ba ne."

Baba ya ce shi da Kaka suka waiwaya tare, kamar bango ne ya yi magana. Inna ba ta shigo ba, kanta a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma ta ci gaba. Ta ce tun shinkafa ba ta fid da kai ba yarinyar ta bar gaɗa. Ta ce tana rage tuwo tana tura wa agwagi a ɓoye. Ta ce zanen makarantarta da ke zagaye ta sau ɗaya yanzu yana neman zagaye ta sau biyu. Ta ce da yamma takan dafe goshi in ta ɗauka ba mai ganinta, kuma ran Asabar ta zuba ruwa a gefen kofi, idonta na hagu ya karkace ciki. Duk abin da na yi a tsakar gidan nan ina zaton ba ta gani, ta jero shi daki-daki. Ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Kuma ɗakin da take kwana akwai tari. Tun bara ya sake, ba irin na da ba ne. Mai shi ma ta rame."

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. A numfashi ɗaya Inna ta tona cewa idonta na kan 'yar farinta, ta kuma nuna surukarta da ciwo, a gaban ɗanta, a gaban baƙuwa. Mace takan rasa mutuncin shekaru a kan abin da bai kai wannan ba. Kaka ta daɗe tana kallon labulen. Ta ciro goron da ke bakinta ta ƙulle a gefen zane, ta juya wajen likita ta ce, "Ɗiyar ga ba ta ƙarya. In ni ce, a auna ni."

A ranar aka fara ba ni maganin tarin fuka, ba a jira komai ba. Likita ta bayyana musu cewa ƙwayar cutar da ke cin huhun babba takan shiga jikin yaro ta numfashi, ta bi jini ta hau har rigar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, shi ne sanƙarau na tarin fuka. Magani iri huɗu aka haɗa mini, da wani na rage kumburi, ana niƙa su ana ɗura mini ta siririyar roba a hanci tunda ba na iya haɗiya. Aka ɗauki hoton ƙirjina aka ga tabo. Aka auna kakin Kaka, na'ura ta nuna cutar ƙarara. Daga baya awon ruwan bayana ma ya tabbatar. Aka sa Kaka a kan nata maganin, aka kuma hana ta shiga ɗakin yara. Ta haka jinyata ta faɗo hannun Inna, ba don kowa ya shirya hakan ba.

Abin da nake tunawa da kaina daga waɗannan kwanakin kaɗan ne. Ina jin kamar ina kwance a ƙarƙashin gulbi, inda saiwar bado ke lilo, haske yana can sama, kore-kore, ba na kuma marmarin isa gare shi. Wata safiya ma'aikaciyar jinya ta zo duba ni, ta ce wa Inna ta kira ni a gani ko zan amsa. Inna ta ce, "Ke." Ma'aikaciyar ta ce ba haka ba, sunanta za ki kira, shi kunne ya fi sani. Matan da ke jinyar 'ya'yansu a gadajen kusa duk suna ji. Ni dai daga can ƙasan ruwan na ji wata murya da na sani tana faɗin wata kalma da na sani, amma ban taɓa jin su tare ba.

"Hauwa'u. Hauwa'u, tashi ki dube ni."

Mamaki ne ya taso da ni, ina ji. Na so in ga wace ce wannan. Na buɗe ido, hasken hantsi ya cika taga, na ga Inna biyu sun sunkuyo a kaina, su biyun suna kuka. Yarinyar da ba ta taɓa samun ko ɗaya sosai ba, ga ta da biyu. Na miƙa hannu, wannan karon na zaɓi ta dama, na taɓa fuska mai ɗumi.

Ba kowa ne ya fita daga ɗakin nan kamar yadda na fita ba. Akwai wata yarinya a gadon da ke kusa da nawa, mai irin ciwona, wadda aka kawo bayan ya yi nisa. Ta rayu, amma ta koma gida ba ta gani. Wani gadon kuma na farka na tarar an naɗe katifarsa. Likita ta gaya wa Baba cewa a wannan ciwon babu abin da ya kai fara magani da wuri, sai kuma kai shi ƙarshe. Ta ce shekara guda cur zan yi ina sha: wata biyu iri huɗu, sauran watannin iri biyu, kullum da safe kafin in ci komai, ko na ji garau. Inna ta maimaita wa kanta da lissafin da ta fi yarda da shi, ta ce wato sai an sake yanke shinkafa.

Na koma gida da ƙafar hagu mai ja da ido ɗaya a karkace. An mayar da shimfiɗata ɗakin Inna, aka fasa wa ɗakin Kaka taga, aka auna mutanen gida, Rabi kuma aka ba ta maganin kariya. Kowace safiya ni da Kaka mukan zauna a tabarma a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa, kowa da kofinta, Inna ta ajiye mana ƙwayoyin ta koma gefe kamar ba ruwanta, amma ba ta motsawa sai ta ga maƙogwaronmu ya motsa. Maganin yana mayar da fitsari ja, har hawaye yakan yi launin lalle. Ranar da na fara gani na tsorata, Kaka ta ce in kwantar da hankali, ita ma manja take zubarwa, in abin ya ɗore za mu buɗe kanti. Maganin kumburi ya cika mini kumatu, ta riƙa kirana mai fanke biyu, ni kuma in ce mata tsohuwa mai satar ciwon yara. Da taɓaryar Inna na koyi tafiya, ina dogara ta daga rumfa zuwa randa, daga randa zuwa zaure, agwagi na biye da ni kamar 'yan rakiya.

Kaka ta gama nata a wata shida, tarin ya tafi, ta yi ƙiba har zobenta ya matse ta. A nan ne mutane suka fara magana. Damina ta sauka, hanyar zuwa karɓo magani ta lalace, ni kuma ga ni ina gudu-gudu a tsakar gida. Gwaggo Dije ta ce in tsohuwar da ta kawo ciwon ta gama, me ya sa za a ci gaba da ɗura wa yarinya ƙwaya har hantarta ta gaji? Baba ya fara jinjina maganar. Inna kam ta riga ta yi maganarta ta shekara. Kaka ce ta tare. Ta ce likita ta faɗa musu ciwon kai ba ɗaya yake da na ƙirji ba, saiwarsa ta fi zurfi, kuma in mota ba ta zuwa ai jirgin ruwa na zuwa. Washegari da safe ta zo ta zauna a tabarma da kofinta kamar kullum, ta ɓare gyaɗa guda biyu, ta haɗiye su da ruwa ba tare da ta tauna ba, tana yamutsa fuska. "Tare munka fara, Takwara," in ji ta, "tare mu ka gamawa." Haka ta yi ta haɗiyar gyaɗa har damina ta wuce.

Ranar da na sha ƙwayar ƙarshe ana yankan shinkafa a fadama. Idona ya daɗe da komawa daidai, kofi ya koma ɗaya. Na ɗauki ɗan dami a ka na taho da shi tun daga gona har gida da ƙafafuna, ba taɓarya, mata suna ta guɗa a hanya. Tun dare bai yi nisa ba na shiga dandali na ba da waƙa, ƙawayena suka amsa har da waɗanda ba su iya ba. Na maimaita aji uku, na zama babba a cikin ƙanana, amma daga shekarar ban sake barci a aji ba. Na wuce sakandare, na wuce kwaleji, yau ni ce nake tsayawa a gaban allo. In na gaji ƙafar hagu takan tuna mini da kanta, iyakar abin da ciwon ya riƙe ke nan.

Yanzu abubuwa sun sauya a garinmu. Matan banda sun san tarin da ya wuce mako biyu na asibiti ne, kuma Kaka ce ta yi ta bin su gida-gida da wannan maganar har ƙarshen ranta, shekaru da yawa bayan haka, cikin tsufa da ƙoshin numfashi. Ƙawayena da suka haihu suna kiran 'ya'yan farinsu da suna gatsal, suna ɗaukar su hoto a waya, ba mai cewa komai. Ina ganin hakan da kyau. Amma Inna ta koma gidan jiya tun ranar da aka sallamo mu. Ba ta sake kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In na buga mata waya daga birni takan ce, "Ke ce?" sannan ta tambayi ruwan sama da tsadar gero, ba ta tambayar lafiyata. Sai can wajen sallama ta ce ta ji kamar muryar wani ta dushe, a riƙa shan ruwan ɗumi.

Nakan ajiye wayar in tuna hayaƙin banda a cikin ganyen darbejiya, da tsohuwa mai haɗiyar gyaɗa, da mace mai tsintar shinkafa wadda ba ta ɗago kai. Sau ɗaya ta kira ni, kuma har yau ina amsawa.